Daga Akushin Maigida Zuwa Farantin Buka: Tarihin Cin Abincin Waje a Sabo ta Badun



A yau idan mutum ya fita cin abinci a garin Badun ba wanda zai ɗaga kai ya dube shi. Ɗan canji zai tsallaka Mokola da rana ya ci amala ya dawo bakin sana'arsa, ɗan dako zai karya kumallo a teburin mai shayi, saurayi kuma ranar Sallah zai kwashi ƙannensa zuwa ɗaya daga cikin gidajen kajin nan masu gilashi, a miƙo masu shinkafa da cinyar kaza da lemo a tire guda, kuɗin kuma ga shi nan a rubuce a allo. Mu da muka taso a shekarun 2000 gani muke kamar haka duniya ta faro. Alhali kuwa baƙon da ya sauka Sabo a zamanin kakanninmu yakan yi makonni yana ci sau uku a rana bai sa hannu a aljihu ya biya kwabo ba. Abin da nake so mu duba ke nan a wannan rubutu, wato yadda aka taso daga akushin maigida aka iso farantin saye, da ribar da muka ci a hanya, da kuma abin da yake neman suɓuce mana.

Tun daga zango

Kowa ya san Bahaushe da kunyar ci a bainar jama'a. A garuruwanmu na asali magidanci ba ya zama tsakiyar kasuwa yana kai loma, har malamai sukan lissafa wannan cikin abubuwan da ke rage wa dattijo mutunci. Abincin magidanci daga cikin gidansa yake fitowa. In ma zai ci da mutane to a zaure ne ko a ƙofar gida, kowa ya fito da kwanonsa a haɗa a yi ciyayya. Wanda al'ada ta yi wa uzuri shi ne matafiyi da ɗan kasuwar da ya yi nisa da gida.

Fataken da suke zuwa Gwanja sayen goro sukan yi watanni a hanya da jakunansu, su tashi daga Kano ko Katsina su ratsa Yawuri da ƙasar Borgu har su isa Salaga, a arewacin Gana ta yanzu. Duk inda madugu ya ce a yada zango, matan garin sukan fito da fura da tuwo su sayar wa ayari. A manyan kasuwanni kuma akwai masu gashi. A shekarar 1824, zamanin Sarkin Kano Ibrahim Dabo, wani Bature ɗan Birtaniya mai suna Hugh Clapperton ya shiga kasuwar Kano, ya kuma rubuta cewa kusa da mahauta ya ga an hura wuta an kewaye ta da tsinkaye, kowane tsinke an jera masa tsoka da kitse, mutane suna zaune suna ci. Mai karatu zai ga cewa tsiren da ake layi a kansa yau a Ikko da Badun ya kai shekara 200 a rubuce, ban da shekarun da ya yi kafin a rubuta shi.

Saboda haka cin abincin waje ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe, amma a wancan lokacin abu ne na larura da tafiya. Ba wanda yake barin gidansa don marmari ya je ya zauna a ba shi abinci ya biya.

Kafuwar Sabo da akushin maigida

Abubuwa biyu ne suka karkato da fatake daga hanyar Gwanja zuwa ƙasar Yarbawa. Na farko jirgin ƙasa, wanda ya iso Badun daga Ikko a 1901, ya kuma isa Kano a 1911. Na biyu kuma goron da ake wahalar zuwa nema har Salaga sai ga shi manoman Agege da Ota da Shagamu sun fara shukawa yana yi. Tafiyar watanni ta koma ta kwanaki. Goro ya riƙa hawa Arewa, shanu suna gangarowa Kudu.

Da farko Hausawan Badun a cikin gari suke zaune tare da Yarbawa, a kewayen kasuwar Oja'ba. A 1916 ne hukumar Turawa da sarakunan gari suka ware masu fili kusa da filin sukuwar dawaki, inda filin wasa na Adamasingba yake yanzu, bayan ƙorafin da 'yan gari suka yi cewa ɓata-gari suna fakewa cikin baƙi. Wannan fili shi ne Sabo. Unguwar Sango ma da ke kan hanyar Jami'a daga kalmar zango sunanta ya fito, don a nan karar shanu take a da.

To a nan ne abinci ya shigo cikin ciniki. Mai shanun da ya taso daga Arewa yana da babbar matsala, domin saniyar Arewa ba ta daɗewa a Kurmi saboda ƙudan tsando. In ta kwana biyu sai ta fara rama, in aka yi sake ta mutu. Dole a sayar da wuri. Mahautan Yarbawa kuma, waɗanda suke kira alapata, ba su da kuɗi a hannu, bashi suke ɗauka sai sun yanka sun sayar sannan su biya. Baƙo bai san su ba, ba ya jin harshensu, bai san wanda yake biya da wanda yake gudu ba. Wanda ya tsaya a tsakani shi ne maigida, ko fatoma. Shi zai sauki baƙo ya ba shi ɗaki, yaransa dillalai su kai shanu kara, shi ne kuma zai tsaya wa mahauci, in mahauci ya gudu shi zai biya daga aljihunsa. Haka abin yake a goro, maigida ne zai nemo, a ɗaure a huhu, a kai tasha. Ladan wannan duka shi ne la'ada.

Duk tsawon kwanakin da baƙo zai yi yana jiran kuɗinsa, cinsa yana wuyan maigida. Kakana, wanda ya yi yaron gida a wajen wani fatoman goro kafin ya tsaya da ƙafarsa, yakan ba mu labari cewa aikinsa na farko kullum shi ne ɗaukar kwanuka daga cikin gida zuwa ɗakunan baƙi. Da safe koko da ƙosai ko ɗumame, da rana fura, da dare tuwo da miyar kuka ko kuɓewa, da man shanu in baƙon babba ne. Ba a tambayar baƙo me zai ci, abin da aka dafa shi ake kawowa, a kan lokacinsa, ba fashi. Ya ce su yara sun san darajar baƙo tun daga yawan naman da aka ɗora masa.

Kada mai karatu ya ɗauka kyauta ce kawai. Akushin nan talla ne, kuma shaida ce. Baƙon da aka kawo wa tuwo mai gudaji da miya ba nama zai ce a ransa gidan nan ya fara karyewa, wanda kuwa ya kasa ciyar da baƙo ta yaya zai biya kuɗin shanu goma in mahauci ya gudu? Zuwa na gaba sai ya sauka wani gida, kuma zai ba da labari a Arewa. Don haka maigida ko bashi zai ci ba ya yarda tukunyarsa ta ba shi kunya. Hausawa suka ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, amma a Sabo ta da sai an haɗa su da akushi sannan ciniki yake tsayawa.

Jarin matan cikin gida

Ba kowa ne baƙon maigida ba. Unguwar cike take da gwauraye, 'yan dako da masu ɗaurin goro da masu wanki da guga da almajirai da 'yan cirani, waɗanda ba su da mai dafa masu. Waɗannan su ne suka fara sayen abinci kullum, kuma daga hannun matan aure na cikin kulle suke saye.

Wani Bature mai bincike, Abner Cohen, ya zauna a Sabo a 1962 zuwa 1963, ya ƙirga mutanen unguwar ya samu dubu huɗu da 'yan kai, ya kuma wallafa littafi a kanmu a 1969. Cikin abin da ya lura da shi akwai yadda matan da ba sa fita ko ƙofar gida suke riƙe da sana'ar dafaffen abinci, yara 'yan talla suna kai masu har inda mai saye yake. Ya kuma yi bayanin yadda ɗarikar Tijjaniyya ta game unguwar a farkon shekarun 1950, har Hausawa suka daina zuwa babban masallacin gari suka tsai da tasu Juma'ar a Sabo a 1952. Wannan ya ƙara sa unguwar ta zama kamar gari guda a cikin gari, da sarkinta da limaminta da mahautanta, kuma mutum zai iya wuni ya kwana bai ci abin da ba hannun Bahaushiya ne ya dafa ba.

Tsofaffi sukan ce a lokacin da taro ko sisi gwauro zai ƙoshi. Zai ba yarinya kwanonsa ta shiga da shi, a zubo masa malmala da miya ta fito. Wata gwanar waina ce, wata ta alala, wata ta dambu, wata kuma an san ta da tuwon shinkafa ranar Juma'a. Daga waɗannan kwabbai ake zubin adashi, a sayi kwalla da fanteka da samira a yi wa 'ya'ya kayan ɗaki, wata ma har ta sayi gida ko ta biya kujerar Makka ba tare da ta taɓa zama a kasuwa ba. Gidaje da yawa a unguwar nan da ake cewa na Alhaji wane ne, in aka bi diddigi akwai kuɗin tukunya a cikin tubalinsu. Sai dai kuma gaskiya ɗaya ce, 'yan matan da suka ɗauki wannan talla a ka su ne ba su ga aji ba, alhali 'ya'yan maƙwabtanmu Yarbawa suna makaranta kyauta tun 1955 da gwamnatin Awolowo ta buɗe ilimin firamare ga kowa a Jihar Yamma. Har gobe muna biyan wannan bashi.

Akwai kuma wani rukuni na mata da suke kafa tukunya a fili, waɗanda ake kira 'yan tuwo-tuwo. Yawancinsu ba su da aure, kuma jama'a ba sa yi masu kallon mutunci, ko da kuwa wadda ake magana a kanta neman halalinta kawai take yi. A ganina wannan kallo yana cikin dalilan da suka sa muka daɗe ba mu da gidan abinci mai suna da allo a bakin titi. Mai mutunci ba ta son a ce mata 'yar tuwo-tuwo, namiji kuma yana ganin tuƙa tuwo ba aikinsa ba ne. Sai abincinmu ya zauna a lungu.

Tsallaka titi zuwa buka

A ɗaya gefen titin kuwa Bayarbiya ba ta da wannan kunya. Ita sana'ar abinci abin alfahari ce, uwa ta yi ta bar wa 'ya, har a riƙa kiran wurin da sunanta. Abin da zai ba mai karatu sha'awa shi ne sunan da suke kiran irin wannan wuri, wato buka, daga bukkarmu ya fito. Haka nan gyara da muke nema bayan ciniki ita ce ta zama jara a bakinsu, albasa ta zama alubosa. Mu ma mun karɓo teba daga eba, mun karɓo agidi da amala da sunayensu. Harsuna sun daɗe da yin ciyayya kafin masu su su yarda su zauna benci ɗaya.

Dattawan Sabo na da ba sa cin abincin buka. In ka tambaya za a ce maka ba a san yankan ba, ko manja ya yi yawa, ko barkono. Maganar yanka tana da tushe ga mai tsantseni, amma Badun gari ne mai ɗimbin Musulmi, mahautan da yawansu Musulmi ne, saniyar kuma daga hannunmu ta fita. Dalilin da ba a cika faɗa ba shi ne cewa cinikin goro da shanu ya tsaya ne a kan Bahaushe ya ci gaba da zama Bahaushe a idon ɗan'uwansa na Arewa. Wanda ya narke cikin 'yan gari, ya ci nasu ya auri nasu, baƙo ba zai damƙa masa dukiyarsa da kwanciyar hankali ba. Ƙin cin amala wani katanga ne da aka gina don tsare amana da kasuwa.

'Ya'yansu haifaffun Kurmi su ne suka fara tsallaka katangar, musamman waɗanda suka shiga makarantar boko ko koyon kanikanci da tuƙi. Mahaifina yakan ce ranar da ya fara cin amala sai da ya wanke bakinsa da goro kafin ya shiga gida. Yau kuwa shi ne yake aikena in sayo masa in mura ta kama shi.

Ga wanda bai taɓa shiga buka ba, tsarinta a bayyane yake. Za ka faɗi malmala nawa kake so, a kwaso maka amala da zafinta, wadda ake tuƙawa da garin busasshiyar doya. Sai a zuba ewedu, wato lalo ne da suke dakawa da 'yar gajeruwar tsintsiya a inda mu muke sa maburgi, a ƙara gbegiri, wato miyar wake da aka tace, sannan a kwarara jar miya a sama. Wannan haɗin shi ake kira abula, kuma shi ne tambarin Badun. Daga nan sai ka nuna namanka da yatsa, tsoka ko ganda ko tumbi ko na akuya, kowane yanka da kuɗinsa. In kai na kullum ne za a yi maka jara, in ba ka da kuɗi yau za a ce ka kawo gobe. Wanda ya lura zai ga cewa waken gbegiri da tumatir da tattasai da albasa da naman da ke cikin farantin nan, mafi yawansu a bayan motar Arewa suka iso.

Dare na mai shayi da mai tsire

Shekarun 1970 sun sauya komai. An koma naira daga fam a 1973, kuɗin man fetur ya shigo, ƙarin albashin Udoji ya sa ma'aikata suka sami abin kashewa, shinkafar waje ta cika kasuwa har ta tashi daga abincin Sallah ta zama na kullum. An buɗe babbar hanyar Ikko zuwa Badun a 1978, tireloli suka fara ƙwace kaya daga hannun jirgin ƙasa. A daidai wannan lokaci kuma farin 1973 zuwa 1974 ya koro dubban mutane daga Nijar da ƙarshen Arewa zuwa Kudu neman abin sawa a baki. Waɗannan sababbin zuwa ba su da shanu ba su da goro, don haka ba su da maigidan da zai sauke su.

Da yawansu gadi suka kama, wasu ga-ruwa, wasu kuma suka kafa tebur da butar shayi. Mai shayi ya zo da nasa haɗin da kowa ya haddace, shayi mai kauri da madarar Peak da Bournvita ko Milo, a sheƙa shi tsakanin kofi biyu har ya yi kumfa, da burodi da soyayyen ƙwai. Da aka fara yin Indomie a Ota a tsakiyar shekarun 1990 sai ta shigo ta zauna daram, har ta kusa ture burodi. Amma teburin mai shayi ya wuce wurin ci. Nan ake jin BBC Hausa, wadda take watsa shiri tun 1957, nan ake ajiye saƙo da kuɗi, nan kuma sabon zuwa yake tsayawa da jakarsa ya tambayi inda mutanen garinsu suke kwana. A taƙaice dai mai shayi ya gaji wani yanki na aikin fatoma, sai dai shi ana biyansa kofi-kofi.

Mai tsire kuwa shi ne ya fita da sunanmu duniya. Abin dariya, kalmar suya a wajenmu soyawa take nufi, abin da yake kan tsinke tsire ne, wanda aka gasa aka yayyanka kuma balangu. Amma mutanen Kudu suka ce suya, ta kuma bi bakin duniya har Landan da Amurka. Da almuru in ka bi ta Sabo za ka ga motocin manyan 'yan gari sun jeru, malaman Jami'a da likitoci da 'yan siyasa, ana naɗe masu nama a takarda da yaji da albasa, wasu da kilishi na tsaraba. Wannan shi ne karo na farko da 'yan gari suka riƙa tsallakowa wajenmu don ci, kamar yadda muke tsallakawa wajensu.

Gidajen gilashi

Wuraren cin abinci irin na Turawa sun daɗe a Badun. A da akwai kantin Kingsway a Dugbe, ga dogon benen Cocoa House da aka gama a 1965, ga otal ɗin Premier da aka gina a 1966 a kan dutsen Mokola, wanda ɗan Sabo yake hangowa daga ƙofar gidansu amma bai taɓa tunanin shiga ba. A kunnen dattawanmu kalmar otal kanta tana da wari, don da giya da mata suke haɗa ta.

Abin da ya buɗe wa talaka ƙofa shi ne Mr Bigg's, wanda kamfanin UAC ya fara a Ikko a 1986, ya kuma bazu ko'ina. Tantalizers ta biyo baya a 1997, Chicken Republic a 2004. Shekarar 1986 ɗin nan kuma ita ce gwamnatin Babangida ta kawo tsarin tattalin arzikin da ya karya darajar naira, wanda ya sa sana'ar canji ta bunƙasa a Sabo, aka sami samari masu kuɗi a hannu da ba su taɓa ɗaukar huhun goro ba. Su ne suka fara shiga gidajen gilashi, daga baya suka fara zuwa da amare da yara.

Dole a faɗi abin da waɗannan wurare suka kawo. Ba giya a yawancinsu, akwai tsafta da fanka ko na'urar sanyi, kuma farashi ɗaya ne ga kowa, ba wanda zai dubi hularka ko ya ji harshenka ya ƙara maka kuɗi. Mace za ta iya zama da mijinta ta ci ba a yi da ita ba, abin da kakarta ba ta taɓa mafarki ba. Haɗaɗɗen faranti, irin wanda Chicken Republic take kira Refuel, shinkafa da yankan kaza a kuɗi ɗaya, ya sa ɗalibi ya san abin da zai kashe tun kafin ya shiga. Mr Bigg's ta ja baya sosai a shekarun nan, amma wasu sun maye gurbinta, yanzu har amala da sakwara ake sayarwa a bayan gilashi. Sai dai a can ba gyara, ba bashi, ba wanda ya san sunan babanka. Ka biya, ka ci, ka tashi.

Inda muke yau

Tun da wayar salula ta zo a 2001, daga baya kuma tura kuɗi ta banki ya zama ruwan dare, mai kaya ba ya buƙatar ya zo ya yi makonni yana jira. Zai loda tirela a Arewa, ya yi waya da dillali a Bodija ko Akinyele, kuɗi su faɗo masa yana zaune a gida. Ɗakunan baƙi na gidajen fatomomi an mai da su na haya ko shaguna. Akushin da ake fitowa da shi sau uku a rana ya koma sai azumi, ko suna, ko sadakar Juma'a.

Rikicin kasuwar Sasa na watan Fabrairun 2021, wanda ya ci rayuka da dukiya, ya tuna wa kowa abin da aka manta. Da ƙungiyar masu safarar abinci da shanu ta tsai da lodi zuwa Kudu na wasu kwanaki, nan da nan tumatir da albasa da nama suka yi tashin gwauron zabi a Badun da Ikko, a Arewa kuma tumatir ya riƙa ruɓewa a hannun manoma. Mai buka ta ji a jikinta, mai gona ya ji a nasa. Tukunya ɗaya muke ci, ko mun so ko mun ƙi. A kwanakin nan kuma mutanen da suka gudo daga Sasa a Sabo da gidajen 'yan'uwa suka sami mafaka, aka ɗora manyan tukwane kamar da. Ashe hannun bai manta ba, sai dai ba a motsa shi sai masifa ta zo.

Bayan cire tallafin mai a 2023, tsadar abinci ta kai wajen kashi 40 cikin ɗari a 2024. Yau akwai yaran da suke sauka daga bayan tirela a Ojoo, waɗanda rashin tsaro ya koro daga Zamfara da Katsina da Sakkwato, suna kwana a bakin shaguna suna cin garau-garau sau ɗaya a wuni. Kakanninmu da suka zo haka suka zo, ba su fi su komai ba, amma sun tarar da ƙofa a buɗe da kwano a rufe yana jiransu.

Kammalawa

Ni ina cin abula, ina shan shayin tebur, ina kuma kai ƙannena gidan kaza ranar Sallah, kuma ban ga laifin ko ɗaya ba. Abu biyu nake roƙon mu. Na farko ga iyayenmu 'yan kasuwa, waɗanda Allah Ya hore wa, ko kwano biyar ne a riƙa fitowa da shi ƙofar gida ko masallacin unguwa kowane dare, ba sai an jira watan azumi ba. Unguwar nan da ciyar da baƙo aka gina ta, kuma yaron da ya ƙoshi a hannunmu yana da wuya ya zama abin da za a zage mu da shi gobe.

Na biyu ga 'yan'uwana matasa, maza da mata. Garin da ake layi a kan tsirenmu bai kamata a ce sai an shiga lungu an tsallake kwata sannan a sami tuwon shinkafa da miyar taushe ba. Iyayenmu mata suna da hannu, kayan miya a hannun iyayenmu maza suke tun daga gona har Bodija. Abin da ya rage shi ne wuri mai tsafta a bakin titi, da allo mai suna, da farashi a rubuce, a ɗauki mai tuƙa tuwo a biya ta albashi a kuma girmama ta, 'yarta kuma ta tafi makaranta maimakon talla. Bayarabe ya koya mana cin amala ba tare da ya ji kunyar tukunyarsa ba, mu ma lokaci ya yi da za mu zaunar da shi a kan kujera mu miƙa masa waina da miya.

Allah Ya jiƙan magabatanmu da suka ciyar da baƙi, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, Ya kuma ba mu abin da za mu ci mu ciyar.